Ƙarfin Doki Dubu, Amma Don Noman Wa?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wata sabuwar hira ta mamaye ɗakunan kwananmu, wato hirar ƙara wa motar Japan ƙarfi. Yaron da gumin gonar Lausu ya biya masa kuɗin makaranta, yau ba shi da buri sai Toyota Supra, tun da ya gan ta a fim ɗin Amurka.

To, mu faɗi gaskiya. Aikin turbo shi ne hayaƙin inji ya juya farfela, ita kuma ta cusa iska ciki, a ƙona ƙarin mai. Supra ta 1993 ta fito a Japan da ƙarfin doki 280, iyakar da kamfanonin ƙasar suka yarje wa kansu. Masu kwaskwarima kan sa babbar turbo, su faɗaɗa salansa, su sauya lissafin kwamfutar inji, har wasu su kai doki dubu. Hikima ce, ba mu musa ba. Amma a can akwai filin tsere da man da ya dace. A nan fa? Mai maras kyau zai sa inji ya buga, sau da yawa birki da taya na nan jiya-i-yau, filin gwaji kuwa shi ne titin da 'yan makaranta ke tsallakawa. Wasan mota a bikin aure bai ishe mu makoki ba?

Akwai injin Japan da ya cancanci hankalinmu: ƙaramin injin ban-ruwa irin na Honda. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, manomin rani a ƙasar Rano da Kibiya yana auna fetur kamar turare. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga domin noma. Mu kuwa me muka ƙara a kai? Ina ɗalibin injiniyan da zai rage wa injin nan shan mai, ko ya mayar da shi kan gas ko hasken rana?

Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Japan ba da tsere ta fara ba, da ƙira ta fara. Ilmin da talaka ya biya, bashi ne a wuyanmu. Mu kai sifana bakin rafi, ko kuwa mu daina kiran kanmu manyan gobe!