Sharhi: Bakkale da Kuɗin Gwajin Magunguna

Duk mai jari a harkar shanu ko madara ya san bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari a watannin ƙarshe na ciki, nononta ya ragu, gwiwarta ta kumbura. Mutum kuwa yakan kamu da ita ta hanyar shan nonon da ba a dafa ba, ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, sai ya yi ta fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ana ta ɗirka masa maganin cizon sauro.

Tun a 1887 wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya gano ƙwayar cutar a tsibirin Malta. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa wa majinyaci doxycycline da rifampicin har tsawon mako 6. To, a nan ne maganar ta shafi aljihun ƙasa. Rifampicin ginshiƙi ne a maganin tarin fuka, cutar da Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka fi fama da ita. Doxycycline kuma ɗan'uwan oxytetracycline ne, allurar da makiyayi ke saya a kasuwar kara ya yi wa garkensa ba tare da ganin likitan dabbobi ba.

Hanyar sanin ko waɗannan magunguna suna nan da ƙarfinsu ita ce gwaji. Ana raino ƙwayar a ɗakin bincike, a zuba mata magani mataki-mataki, a ga mafi ƙarancin adadin da zai hana ta yaɗuwa. Aikin yana cin kwanaki domin ƙwayar ba ta saurin girma, kuma tana cikin waɗanda suka fi kama ma'aikatan ɗakunan bincike, saboda haka sai an tanadi ɗaki na musamman mai tace iska. Wannan ne ya sa gwajin ke da tsada.

Masu cewa kuɗin ya yi yawa suna da hujja guda: ƙwayar tana ɓuya a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, don haka maganin da ya kashe ta a faranti ba lalle ne ya kai gare ta a jikin mutum ba. Gaskiya ne. Amma dai maganin da ya gaza a faranti babu dalilin kashe kuɗi wajen shigo da shi domin wannan cuta, kuma sanin hakan da wuri riba ce ga gwamnati da 'yan kasuwar magunguna.

A ganinmu, ya kamata kamfanonin da ke sayen madara daga rugage su haɗa hannu da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, su ɗauki nauyin wannan gwaji duk shekara, a kuma buga sakamakon domin asibitoci da masu shigo da magunguna su gani.