Ja Ba Wuya, Tsayawa Ce Aiki

Duk wanda ya taɓa ganin amalanken shanu ɗauke da buhunan hatsi yana saukowa daga tudu ya san wani abu da ba a faɗa a tallar motoci. A hawa, shanu ne ke jan amalanke. A gangare kuwa, amalanken ne ke tura shanu, kuma a nan ne manomi yake gane ko ya labta abin da ya fi ƙarfinsu. Wannan darasi shi ne ke fuskantar ɗimbin mutanen Amurka, inda aka saba ajiye jirgin ruwan shaƙatawa a gida, a ɗora shi bisa tirela, a ɗaura wa a-kori-kura ta ja shi zuwa tafki ko bakin teku. Muhawarar da ake yi a can game da motar da ta dace da babban jirgi ta cancanci ɗalibin kimiyya ya tsaya a kanta, domin akasarin masu saye suna tambayar ƙarfin inji ne, alhali tambayar da ta kamata su fara yi ita ce ta nauyi, ta biyu kuma ta birki.

Da farko, a san motocin da ake magana a kansu. A Amurka ana kasa motoci aji-aji bisa iyakar nauyin da aka yarda su kai, wato nauyin motar haɗe da duk abin da ke cikinta. Irin su Ford F-250 da Ram 2500 da Chevrolet Silverado 2500HD sun samo asali ne daga ajin da ya kama daga kimanin kilo 3,900 zuwa 4,500. Yayunsu, F-350 da Ram 3500, suna iya kaiwa kilo 6,350. Waɗannan su ake kira manyan a-kori-kura, kuma sun fi ƙanensu irin F-150 kaurin ƙarfen gindi, da ƙarfin sifirin, da girman birki da lagireto.

Kuskuren farko yana faruwa ne tun kafin a je wurin dillali. Nauyin da kamfani yake rubutawa a takardar jirgi na jirgin ne wayam, babu mai, babu ruwa, babu kaya. Alal misali, a ɗauki jirgi mai kilo 3,000. Tirelar da za ta ɗauke shi tana iya kaiwa kilo 900. Lita 500 ta fetur ta kai kusan kilo 370, tun da kowace lita kimanin kilo 0.74 ce. Lita 100 ta ruwan sha kilo 100 ce cif. In aka haɗa batura da igiyoyi da kayan kamun kifi na kilo 230, sai lissafi ya tashi 4,600. Ashe wanda ya sayi mota da tunanin kilo 3,000 ya manta da kashi ɗaya cikin uku na kayansa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a kai jirgin da tirelarsa kan sikelin manyan motoci a auna su kamar yadda za su hau hanya.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Tirela ba ta ɗaukar nauyinta duka a kan tayoyinta. Wani kaso yana danne maɗaurin da ke bayan mota. A tirelar jirgi yawanci akan so wannan kaso ya kasance tsakanin 5 zuwa 10 cikin ɗari. Idan ya gaza, tirela takan riƙa wutsil-wutsil a bayan mota har ta kai ga kifar da ita. Idan ya yi yawa, sai bayan motar ya durƙushe, gabanta ya ɗaga, tayoyin da ke juya ta su rage kama ƙasa. A misalin da ya gabata, kashi 7 cikin ɗari ya haura kilo 320. A ƙara mutum biyar da guzurinsu, sai a tarar an ɗora wa motar kilo 700 ko fiye. Kowace mota tana da takarda manne a jikin ƙofar direba mai nuna iyakar abin da za ta ɗauka, kuma sau da yawa wannan iyaka ce ake fara ƙetarewa, tun injin bai ko yi nishi ba.

Daga nan sai batun zafi, wanda ɗalibin ilmin halittu ya riga ya san shi daga jikin dabba. Tsoka ba ta mayar da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na makamashin abinci ya zama aiki. Sauran duk zafi yake zama. Shi ya sa doki mai sukuwa yake jiƙewa da gumi, kuma sa mai huɗa yakan gaza da hantsi ko da ƙarfinsa bai ƙare ba. Inji ma haka yake: mafi yawan makamashin da ke cikin mai yana fita ne a matsayin zafi, ta salansa da lagireto. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta yi la'akari da wannan a ƙa'idarta mai lamba J2807, wadda ta fito a 2008, ko da yake an ɗauki shekaru kafin manyan kamfanoni su rungume ta. Cikin gwaje-gwajenta akwai hawan wata hanya kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, mai tsawon kimanin kilomita 18, wadda ke hawa kusan mita 900. Dole motar ta ja kayanta har ƙarshe a ranar da zafi ya kai digiri 38, da na'urar sanyaya iska a kunne, ba tare da injin ya tafasa ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sai dai mai saye ya lura cewa adadin da gwajin yake bayarwa an yi shi ne da mutum biyu kacal a cikin mota, kowanne kilo 68. Iyali guda da kayansu sun wuce haka nesa.

Babban al'amari dai shi ne tsayawa. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Mota mai kilo 3,500 da ke jan kilo 4,600 ta zama kilo 8,100, wato makamashin da birki zai kashe ya ninka fiye da sau biyu. Daɗin daɗawa, wannan makamashi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Direban da ya tashi daga kilomita 80 zuwa 100 a awa ya ƙara wa birkinsa aiki da fiye da rabi. Birki kuwa ba ya yin komai illa mayar da motsi ya zama zafi, kuma idan ya yi zafi ainun a dogon gangare sai ya daina kamawa. Saboda haka ne tirelar babban jirgi take buƙatar birkin kanta. Da yawa daga cikinsu suna da irin wanda ke kamawa da kansa da zarar tirela ta tura mota daga baya. A nan ne kuma injin dizal yake da rinjaye: yana ba da ƙarfin murɗawa tun yana juyawa a hankali, kuma na manyan a-kori-kura yana da na'urar da ke toshe hayaƙi don injin da kansa ya riƙe motar a gangare. Illarsa ita ce ya fi na fetur nauyi da tsada, kuma nauyin nasa yana cin wani ɓangare na abin da motar za ta iya ɗauka.

Akwai wuri guda da ƙaramar halitta take kunyata babban inji. Gangaren siminti da ake saukar da jirgi cikin ruwa ta kansa kullum a jiƙe yake, rana kuma tana dukansa, don haka gansakuka take lulluɓe shi da santsi. Motar da tayoyin baya kaɗai suke ja tana iya tsayawa tana ta juya su a banza, jirgi kuma yana janyo ta baya zuwa cikin ruwa. Mai babban jirgi da ya ƙi sayen mota mai ja da ƙafa huɗu ya yi arahar da za ta zame masa tsada.

Wani zai ce, to, a sayi mafi girma kawai a huta. Wannan ma ba hikima ba ce. Kowace lita ta dizal da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, kuma ƙatuwar mota tana shan mai ko tana jan jirgi ko tana kai yara makaranta. Wanda ba ya kai jirginsa ruwa sai sau biyu a shekara, gara ya yi hayar mota ko ya ajiye jirgin a tashar jirage. Wanda kuwa yake ja a kai a kai, ya zaɓi motar da kayansa ba za su cinye fiye da kashi huɗu cikin biyar na iyakarta ba, ya bar ragowar domin ranar iska, da ranar zafi, da yaron da zai faɗo hanya ba zato.

Malamin kimiyya ba ya buƙatar jirgi ko tafkin Amurka kafin ya koyar da wannan. A-kori-kurar da ke barin kasuwar ƙauye da buhuna har sama, mutane kuma a kan buhunan, tana ƙarƙashin dokokin nan guda. Ɗalibai su ƙidaya buhunan, su kimanta nauyin mutanen, su kwatanta da abin da aka rubuta a ƙofar direba, sa'an nan su lissafa abin da birki zai fuskanta a gangaren farko. Wanda ya iya wannan lissafi tun yana makaranta, da wuya ya yarda a loda masa mota da ido ranar da ya zama direba ko mai kaya.