Uwa ɗaya uba ɗaya, jini dabam

Mu Hausawa in muna son nuna mutum namu ne, sai mu ce jininmu ɗaya. Magana ce mai daɗi. Amma a gidan likita ba kullum take zama gaskiya ba.

Bara da damana ɗiyar ƙanena ta kwanta da masassarar cizon sauro. Shekararta 3. Tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Mu huɗu muka miƙa hannu: ubanta, ni, da kawunnanta biyu. Aka auna mu, babu wanda nasa ya dace. Wanda ya cece ta wani mai kabu-kabu ne, ba mu taɓa ganinsa ba. Da labari ya kai gida, wata tsohuwa ta fara gunaguni: “Yaya jinin uba zai ƙi ɗiyarsa? Kai, a dai bincika!” Uwar yarinya tana ji, tana kuka.

Jama'a, ga yadda abin yake. Jinin ɗan Adam rukuni huɗu ne: A, B, AB da O. Wani likitan ƙasar Otirish, Karl Landsteiner, shi ya gano rukunan farko a 1901. Kafin nan a makance ake ƙara jini, wani ya tashi, wani ya mutu nan take. In aka sa maka wanda bai dace ba, jikinka zai yaƙe shi kamar abokin gaba. Mai O yana iya ba sauran, amma shi ba ya karɓar na kowa sai O. Ɗiyarmu O gare ta. Ubanta A, ni ma A, kawunnan B.

To daga ina ta samo O? Kowane yaro yana gadon rabi wajen uwa, rabi wajen uba. Shi O ɓoyo gare shi: mutum na iya ɗauke da shi a bayan A ko B bai sani ba. Shi ya sa miji mai A da mata mai B suna iya haifar mai A, mai B, mai AB ko mai O, duk ciki ɗaya. Wanda ya ga harafi dabam a takardar ɗansa ya zargi matarsa a kan wannan kaɗai, ƙazafi ya yi mata. Ƙazafi kuwa addini ya hana, kuma ana kai mutum gaban alƙali a kansa. Ni dai na ce wa tsohuwar ta nemi gafarar surukarta. Ba ta ji daɗi ba, amma ta yi.

Akwai kuma wata ƴar alama kusa da harafin, ko + ko −. Sunanta rezus, an gano ta a 1940. Mata, nan ku saurara da kyau. In mace tana da − mijinta yana da +, ɗan fari yawanci lafiya yake zuwa. Na bayansa ne ke cikin haɗari: jikin uwa na iya yaƙar jinin jaririn, a haife shi da shawara mai tsanani, ko ya mutu a ciki. Sai a ce wabi ne, ko mayya ta kama. Ban ce duk wabi daga nan yake ba, a'a. Amma wannan kam akwai rigakafinsa: allura ce da ake yi wa uwa cikin kwana 3 bayan haihuwa. Macen da ba ta zuwa awon ciki, wa zai san tana bukatarta?

Kada kuma a haɗa A da AA. Su AA, AS da SS wani awo ne dabam, na ciwon amosanin jini.

Abin da nake gani shi ne mun cika jiran sai ta ɓaci. Sai mace na zubar da jini wajen haihuwa, sannan a shiga neman dangi da tsakar dare. Alhali akwai wuraren ajiyar jini a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma mutane ne ke cika su, ba a sarrafa jini a masana'anta. Jinin da aka ajiye ba ya wuce kamar sati 6, dole a riƙa sabuntawa. Wasu na tsoro wai za su rame ko ƙarfinsu ya tafi. Babban mutum yana da wajen lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Namiji mai lafiya yana iya badawa kowane wata 3.

Bayan an sallami yarinyar na koma na ba da nawa. Wata uku ke nan da sati ɗaya, jibi zan sake zuwa, ƙanena ya ce mu tafi tare.