Gudawar Hunturu Ba Fitar Haƙori Ba Ce

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka amai da gudawa cutar damina ce, lokacin da ruwan sama ke kwasar ƙazanta yana zubawa a rijiyoyi. Game da kwalara haka abin yake. Amma akwai wata gudawar da ta fi ƙamari a ƙasashenmu idan iskar hunturu ta kaɗa, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ta fi kayar da jarirai da yaran da ba su cika shekara 2 ba. Ƙwayar cutar da ke haddasa ta ita ce rotabairos, wadda aka gano a Ostareliya a 1973. A Turai da Amurka ma lokacin sanyi ta fi tashi. Tana fita ta bayan gidan yaro, tana iya daɗewa a hannu da tabarma da kayan wasa, har ta shiga bakin wani.

Abin da ke damunmu, ya 'yan'uwa, shi ne sunan da muka laƙaba mata a gidajenmu. Yaro ya fara zazzaɓi da amai, zawo kamar ruwa ya biyo baya, sai a ce ai haƙori ne, a ƙyale shi. Shekarun fitar haƙori ne suka dace da shekarun da cutar ta fi kamawa, shi ya sa aka haɗa su. Yayin da ake jiran haƙorin, ruwan jikin yaron yana ƙarewa, kuma ƙarewar ruwan nan ce ke kisa. Idan ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yana kuka babu hawaye, fitsari ya ɗauke, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Kafin a kai ga haka, a ci gaba da shayar da shi nono, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti kaɗan-kaɗan ko yana amai, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Kafso da magungunan kashe bakteriya da ake saye a kemis ba sa taɓa wannan cuta, asarar kuɗi ce kawai.

Tsafta wajibi ce, sai dai ita kaɗai ba ta tare rotabairos. Kafin zuwan rigakafi, kusan kowane yaro a duniya, na mai kuɗi da na talaka, kan kamu kafin ya cika shekara 5. Nijar ta shigar da rigakafin cikin jadawalin yara a 2014, Najeriya kuma a Agustan 2022, kyauta, ana ɗiga shi a baki. A Najeriya sau uku ake bayarwa: mako 6, mako 10 da mako 14 da haihuwa.

A nan ne maganar ta dawo kan maigida, domin sau da yawa uwa ta san ranar awo, izinin fita da kuɗin mota ne ba ta samu ba. Jaririn da aka haifa da damina ko kaka, wannan hunturun ne na farko da zai riske shi. Maigida ya karɓi katin rigakafin ya duba da idonsa, ya ga ko an cike gurabe ukun.