Bakolori: Wa Zai Tashi Mutanen Bakura Cikin Dare?

A manyan masana'antu ba kwamfuta ɗaya ake bar wa inji ba. Akwai mai tafiyar da aikin yau da kullum, akwai kuma wata a gefe wadda ba ta da sana'a sai gadi. Da zarar na'urorin awo sun nuna zafi ya wuce kima, ko an buɗe murfin inji yana gudu, sai ta datse wuta ba ta nemi izinin kowa ba. Injiniyoyi kan dasa na'urar awo uku a wuri guda, sai biyu sun yi ittifaƙi a yanke hukunci, don kada guda ta lalace ta yaudari mutane. Idan kuma wayar da ta haɗa su ta tsinke, ko saƙo ya makara, shirun nan da kansa hatsari ake ɗaukarsa.

Mu a nan Zamfara babban injinmu shi ne dam ɗin Bakolori, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. An gina shi ya riƙe ruwa kimanin kyubik mita miliyan 450, kuma da shi manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun ke noman shinkafar rani. Ina ganin lokaci ya yi da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima za ta fito ta bayyana wa jama'a irin gadin da ke kan ƙofofin ruwan nan.

Dam ya fi masana'anta wuyar sha'ani. A masana'anta tsayar da inji shi ne zaman lafiya. A dam kuwa, ka rufe ƙofa ruwa ya haura bango, ka buɗe gaba ɗaya ka cinye gonaki da gidajen da ke ƙasa. Saboda haka aikin na'urar gadi a nan shi ne ta auna tsayin ruwa ba ƙarya, ta tashi ma'aikaci daga barci, ta kuma kai gargaɗi ƙauyuka tun kafin a taɓa ƙofa.

Sayen na'ura kaɗai bai isa ba. A Disamban 2005 tafkin Taum Sauk na jihar Missouri a Amurka ya cika ya fashe, alhali yana da na'urorin tsaro. An ɗaga su ne sama da inda bangon ya fi gajarta, ruwa ya riga ya tsallake ba su ji komai ba. Mu ma ai mun ga namu: ambaliyar Goronyo a Satumban 2010, da ta dam ɗin Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 mutane suna kwance.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar isar da saƙon. Duk ɗan kwangilar da zai zo yau, tsarin da ya dogara da layin salula zai kawo, don ya fi araha. To, ɗan Zamfara bai manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda 'yan bindiga, damina ba ta ma ƙare ba. Gargaɗin ambaliya yana bukatar rediyonsa na kansa, da batir da sola, da jiniya a kowane gari da ke bakin gulbi, a kuma haɗa shi da dagatai da lasifikan masallatai. Tsarin ya riƙa gwada kansa kullum, jiniyar da ta mutu a sani tun ranar.

Mutanen yankin nan sun biya kuɗin dam ɗin Bakolori da jini a Afrilun 1980, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyyar gonakinsu wuta. Bankin Duniya ya zuba kuɗi wajen gyaran magudanan Bakolori a shirin TRIMING, madalla. Yanzu kuma 'yan majalisarmu su nemi a yi gwajin gargaɗi a bainar jama'a kowace shekara kafin watan Agusta, a busa jiniya a Bakura, a rubuta minti nawa saƙon ya ɗauka daga bakin dam zuwa gidan dagaci.