Daft Punk Ba Su Yi Sata Ba, Amma Ana Bin Su Bashin Suna

Tun da Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo suka sanar da rabuwarsu a watan Fabrairun 2021, bayan shekara 28 suna kiɗa da sunan Daft Punk, muhawara guda ta ƙi kwanciya a kansu. Duk wanda ya ji tsofaffin faya-fayan da waɗannan Faransawa biyu suka tsakuro sautinsu daga ciki, sai ya faɗa ɗayan sansani biyu. Na farko cewa yake ashe ɓarayi ne masu hular kwano. Na biyu cewa yake ai sun nemi izini, sun biya, magana ta ƙare. Duka biyun sun kauce wa hanya, amma kuskuren sansani na biyu ya fi muni, domin shi ne ke lulluɓe zalunci da takardar yarjejeniya.

Tsakure a kiɗan zamani shi ne a yanko ɗan guntun sauti daga faifan da wani ya riga ya naɗa, a zuba shi cikin na'ura, a rage masa sauri ko a ƙara, a sauya kaifinsa, a maimaita shi har ya zama ginshiƙin sabuwar waƙa. A kansa aka gina kiɗan hip-hop da kiɗan gidajen rawa na Turai da Amurka. Tun bayan shari'ar 1991 da Gilbert O'Sullivan ya yi nasara a kan Biz Markie a wata kotun New York, ya zama sananne cewa ba a tsakure sai da izinin mai haƙƙi. Haƙƙin kuwa iri biyu ne: na wanda ya tsara waƙar, da na wanda ya mallaki naɗin sautin. Sau da yawa duka biyun suna hannun kamfani, ba hannun mawaƙi ba.

Masu kiran sata ba su saurara da kyau ba. A ɗauki "One More Time", wadda ta fito a ƙarshen shekarar 2000 ta hau matsayi na ɗaya a Faransa. Busar ƙahon da duniya ta san waƙar da ita ta samo asali ne daga "More Spell on You", waƙar disko ta Eddie Johns ta 1979. Amma ba ɗauko ta aka yi ɗungurungum aka ɗora ba. An yayyanka ta ƙanana, an sauya jerin gutsattsarin, an matse sautin ta yadda duk bugun ganga zai danne busar sannan ya sake ta, sai aka aza muryar Romanthony a sama. Kunnen da ya ji tsohon faifan da duniya ta manta, ya hango taken rawar ƙarni a cikin 'yan daƙiƙoƙinsa, kunnen gwani ne. Ɓarawo ɓoye kaya yake yi yadda ya same su. Wannan kuwa aikin maƙeri ne da ya narka tsohon ƙarfe ya fitar da sabuwar garma.

To, idan gwaninta ta tabbata, ina laifin yake? Yana cikin takardar da ke maƙale a kwalin kundin Discovery na 2001. A can an ambaci tsakure huɗu: "Cola Bottle Baby" ta Edwin Birdsong a cikin "Harder, Better, Faster, Stronger", "I Love You More" ta George Duke a cikin "Digital Love", "Can You Imagine" ta ƙungiyar The Imperials a cikin "Crescendolls", da "Who's Been Sleeping in My Bed" ta Barry Manilow a cikin "Superheroes". Sunan Eddie Johns bai fito ba, alhali a kan busarsa aka gina waƙar da ta fi kowace shahara a kundin.

Bambancin da suna ke haifarwa ba na alfahari ba ne kawai. Birdsong, wanda faifansa ma na 1979 ne, ya shiga jerin marubutan waƙar da aka tsakure shi a ciki. Da Kanye West ya zo a 2007 ya tsakuri Daft Punk ɗin kansu a waƙarsa "Stronger", sai sunan Birdsong ya bi sautinsa zuwa sabon gida, kasonsa kuma ya bi sunan. Har ya rasu a 2019 ana sane da shi. Johns kuwa, haifaffen Laberiya da ya nemi arziki a fagen kiɗan Faransa kafin ya koma Amurka, sai a 2021 jaridar Los Angeles Times ta bayyana halin da yake ciki: ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ya yi shekaru yana fama da rashin matsuguni a yankin Los Angeles, kuma bai karɓi ko sisi daga waƙar ba. Wakilin Daft Punk ya tabbatar wa jaridar cewa an yi tsakuren, kuma ana biyan kuɗinsa ga kamfanin GM Musipro na Faransa mai riƙe da haƙƙin. Kamfanin ya ce ya nemi Johns bai same shi ba. Shekara ashirin ke nan kura na shan bugu, gardi na karɓar kuɗi.

Masu kare ƙungiyar suna da hujjoji, kuma ya dace a auna su. Ta farko: laifin kamfani ne, su sun sauke nauyinsu. Gaskiya ne cewa alhakin kai kuɗin yana wuyan wanda ya karɓa. Sai dai mutumin da aka ce ya ɓace, ɗan jarida ya same shi. Da sunansa na rubuce a kan miliyoyin kwafen da aka sayar, da wani ɗan'uwa, ko lauya, ko maƙwabci ya daɗe da haɗa shi da haƙƙinsa. Suna shi ne adireshin kuɗi. Wanda ya cire adireshi daga ambulan ba zai ce gidan waya kaɗai ne ya ɓatar da wasiƙa ba.

Hujja ta biyu: an sarrafa sautin har ya zama wani abu dabam, don haka ba sai an ambaci tushensa ba. Wannan magana tana warware kanta. Idan tsakuren ya kai a biya masa kuɗi, ya kai a rubuta sunan mai shi. Malamin da ya ɗauko magana daga littafin wani yakan faɗi inda ya samo ta ko da ya faɗaɗa ta fiye da asalinta, kuma ambaton bai taɓa rage masa daraja ba.

Hujja ta uku: haka al'adar sana'ar take. Lallai haka take, kuma shi ne abin kunyar. Gregory Coleman, makaɗin gangar ƙungiyar The Winstons, ya buga 'yan daƙiƙoƙi a waƙar "Amen, Brother" a 1969, bugun da ya shiga dubban waƙoƙi har aka gina salon jungle da drum and bass a kansa. Ya rasu a 2006 ba tare da ya ci moriyarsa ba. Yawan masu aikata abu ba ya halatta shi. Yana nuna faɗin ɓarnar ne kawai.

Daft Punk kuwa ba baƙi ba ne a wannan kasuwa. Mahaifin Bangalter, Daniel Vangarde, furodusan disko ne da ya yi aiki da Ottawan da Gibson Brothers. Kuma sun nuna sun iya karramawa idan sun ga dama. A kundin Random Access Memories na 2013, wanda ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2014, sun gayyato Nile Rodgers ya kaɗa jita da hannunsa, sun sa wa waƙa guda sunan Giorgio Moroder, suka bar shi ya ba da tarihinsa da bakinsa. Wannan abin yabo ne, amma girmama wanda duniya ta riga ta girmama ba shi da tsada. Awon adalci shi ne yadda aka yi da wanda ba shi da lauya.

Abin da ya kamata a nema ba hana tsakure ba ne, domin hana shi kashe fasaha ce sukutum. Buƙatar ba ta da wuya: duk tsakuren da aka biya wa kuɗi, a rubuta sunan mai shi a jikin waƙar, a faifai da kuma a Spotify da ire-irensa. Duk kamfanin da ke riƙe da kuɗin mawaƙin da ya ce bai gani ba, ya wallafa sunansa a bainar jama'a. Masoyin Daft Punk na gaskiya kuma ba ya buƙatar wanke gwanayensa daga kowane zargi. Ya isa ya san cewa busar da ke tayar da shi daga kujera tana da mai ita, kuma sunansa Eddie Johns.