Sunan Mashayi Ya Ishe Shi Wa'azi



Kwanan baya na ji wani saurayi a unguwarmu yana alfahari wai ya "caku". Wannan ne ya sa na zauna ina nazarin sunayen da ake kiran wanda ya sha abin maye, sai na ga kowanne daga cikinsu shaida yake bayarwa a kansa.

Bahaushe ya ce masa bugagge, daga "bugu". Ke nan wanda ya bugu an doke shi ne, an fi ƙarfinsa, ko da kuwa da hannunsa ya kai abin baki.

Balarabe kuma ya ce masa sakran. Tushen kalmar yana ɗauke da ma'anar toshewa, kamar yadda ake datse kogi a hana ruwa wucewa. Jam'inta, sukara, shi ne ya zo a aya ta 43 cikin Suratun Nisa'i, inda aka hana kusantar salla cikin maye har sai mutum ya san abin da yake faɗa. Daga wannan tushe ne aka sami sakaratul mauti, wato magagin mutuwa.

Ita kuwa giya, khamru, asalinta rufewa ne. Tushensu ɗaya da khimar, mayafin da mace take lulluɓe kai da shi. Sayyidina Umar (RA) ya bayyana ta a kan mumbari da cewa ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Shi kansa hankali daga Larabci muka aro shi, aƙalu, dangin iƙal, igiyar dabaibayin raƙumi. Mashayi shi ne wanda ya kwance dabaibayinsa da kansa.

To, "caji" fa? Daga Turanci aka ɗauko ta, kuma a ganina ita kaɗai ce maƙaryaciya cikinsu. Waya idan ta yi caji ƙarfi take samu, mutum kuwa raguwa yake yi. Da irin wannan sauya suna ne ake shan maganin tari mai kodin, wanda Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, ana cewa ai ba giya ba ne. Alhali hadisin Muslim ya tabbatar da cewa duk abin da ke sa maye hukuncinsa na giya ne.

Mu riƙa kiran abu da sunansa na gaskiya, domin wanda bai yarda an buge shi ba, ba zai nemi magani ba. Allah Ya tsare mana hankulanmu, amin.